Idon da Ya Rage wa Gajere

Tasi'u yana rarrafe a gindin shingen garka, gwiwa da tafin hannu cikin tsakuwa, sa'ad da yayansa Mutari ya kashe moto a ƙofar gida. Gajere na biye da Tasi'u, ƙurun dokin da ubansu ya bari, wanda bayansa ko ƙugun mutum bai kai ba. A karkace yake tafiya, domin ido ɗaya ya rage masa.

"To, madalla," in ji Mutari. "Da doki guda muke da shi a gidan ga, yau sun zama biyu."

Tasi'u bai ɗago ba. "Ina duban abin da shi yake gani ne, Yaya."

Da Mutari ya dawo daga Abijan bana, ya kewaye garkar albasarsa da waya mai ƙaya, layi biyar, irin wadda duk garin Ibohamane ba mai kamarta. Gefe guda na shingen shi ne iyakar turken Gajere. Babban doki da ƙirji zai ji ƙayar, ya ja baya. Gajere kuwa layi na biyu daga ƙasa daidai fuskarsa yake. Ranar Juma'a ya miƙa wuya zai ci ɗanyar ciyawa, ƙayar ta ɗauke masa idon hagu.

"Zan kwance layi biyun ƙasa," in ji Tasi'u.

"Ka kwance, awakin gari su yi biki da albasata? Dokin da ba ya jan amalanke, ba ya ɗaukar mutum, sai ci. Gobe in kai shi kasuwa, kowa ya huta."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To wayata ma ba ta yankewa ba ce. Ka taɓa zare guda, wallahi shi da gidan ga sai labari."

Tasi'u ya miƙe, ya kaɗe gwiwoyinsa, ya ɗauki burwati, baron turin kaya, ya nufi tudu.

Dutse dai ba a roƙonsa a Adar. Ya yini yana turo baƙaƙen duwatsu, yana jera su ta gefen turken, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, ya liƙe ramukan da laka don kada kofato ya shiga. Masu wucewa suna tsayawa. Wani ya tambaye shi ko masallaci yake gina wa dokin. Ya ce i, in an gama shi ne liman. Tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba.

Bayan la'asar katangar ta haura layi na biyu, daga wannan kusurwa har waccan. Mutari ya fito daga garka, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Ka binne mini waya."

"Tana nan ta gefenka. Ƙirga, ko zare guda ban taɓa ba."

"Da wa kake wasa, Tasi'u?"

Tasi'u ya sa hannu a aljihu, ya kama hannun yayansa, ya zuba masa abin da ya tsinto da safe a kan ƙayoyin. Gashin doki ne ja, wani da busasshen jini. A cikinsa akwai ɗan ƙyallen atamfa shuɗi, kamar faɗin farce.

Mutari ya daɗe yana dubansa. Can cikin gida ana jin muryar Aziza, 'yarsa mai shekara uku, tana kiran Gajere. Ta fito a guje da rigarta shuɗiya, ta rungume wuyan dokin. Kanta da kansa tsayi ɗaya.

"Wannan ma a layi na biyu yake," in ji Tasi'u. "Gobe ɗin ƙarfe nawa za ka kasuwa? In zo in ga mai kama igiyar dokin."

Mutari ya sa ƙyallen a aljihu, ya bi katangar a hankali yana taɓa ta da ƙafa. A kusurwa ya tsaya, ya tsuguna, ya juya wani dutse har ya zauna daram.

"Ginin banza," ya ce. "Nan ma ka bar rami."

Gajere ya juyo da lafiyayyen idonsa, yana duban su biyun.