Kifin da Aka Jera wa Malam Badaru

Shekara uku Ari, Sarkin Ruwan wani ƙauye a ƙasar Ajingi, yana faɗa har muryarsa ta dishe: tarwaɗar tafkinsu ƙanƙancewa take yi. Samari sun samo taru mai ƙananan idanu, ko 'ya'yan kifi ba ya bari. Wa ya saurare shi? Wai tsufa ne ya sa shi mita.

A ranin shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, sai ga Malam Badaru, malamin kifi, a kan keke daga Gaya, da sikeli da littafi. Ya ce zai auna kamun yini guda, in kifin ya lalace da gaske, hukuma za ta hana tarun. Ari kamar ya taka rawa.

To, amma fa baƙo baƙo ne. Da aka juye kamun a bakin ruwa, Ari ya dubi tarkacen nan, wasu ba su kai ɗan yatsa ba, kunya ta rufe shi. Haba! Mutum ya taso tun daga Gaya a ajiye masa wannan tsiya? Gobe a ji a kasuwa Sarkin Ruwa ya tari baƙo da abincin mage? Ya ƙifta wa ƙanensa Kabo ido, Kabo ya kwashe ƙananan ya yi gida da su. Shi kuma ya tsamo manya goma sha biyu ya jera a tabarma. Malam ya auna ya rubuta, aka soya masa biyu ya ci.

Bayan wata biyu takarda ta zo wa dagaci: kifi lafiya lau, a ci gaba da jan taru.

Takaici ya ishi Ari. Ya taka har Gaya a ƙasa, ya sami Malam Badaru a ofis.

"Malam, wannan wace irin ƙarya ce? Tafki na mutuwa ka ce lafiya!"

"Sarki, abin da ka ajiye a gabana na auna. Akwai wasu ne?"

Ari ya tuna ƙananan da Kabo ya kwashe. Can ya ce, "To, ka dawo ka sake."

"Ƙauye arba'in ne a wuyana, keke ɗaya. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Malam kuwa bai saɓa alkawari ba, da shekara ta zagayo ya dawo. Aka ja taru sau uku. Ari ya juye masa komai, ko ɗaya bai ɓoye ba, kuma duka bai isa miyar gida ɗaya ba.