Ɗigo Uku na Jan Farce

Na'Allah direba ya kwance igiyar ƙarshe, shi da mai kura suka sauko da firizar daga saman motar Zurmi. Rashida na tsaye a inuwar rumfar masu lemo a tashar Kaura Namoda, ta riƙe bakin hijabinta da hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"A hankali dai, Malam, kada ku kwantar da ita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Kwana huɗu ta yi tana cinikin firizar nan. A wani zauren WhatsApp na kayan gida na hannu ta ga hotonta, wata dillaliya mai suna Tani ta sa, ta rubuta a ƙasa: mai ita a matse take. Rashida ba ta iya ciniki baki da baki, ko a kasuwa abin da aka faɗa take biya ta wuce. Amma ta waya sai ta tarar tana da wani bakin. Ta yi tayi ƙasa da rabi. Ta yi shiru yini guda da gangan. Da Tani ta turo murya tana cewa, "Haba ɗiyata, ki ji tsoron Allah, matar ga kuka takai," sai Rashida ta amsa da cewa ta ga wata a Shinkafi mai araha. Ƙarya ce. A rana ta huɗu aka sallama. Shekara biyu da gama hidimar ƙasa ba aiki, wannan ne karo na farko da ta ji ta ci nasara a wani abu. Zobo da kunun aya za ta fara sayarwa.

Mai kura ya juya firizar don ya ɗaure ta, bayanta ya fuskanci Rashida. A kusurwar ƙasa, kusa da inda wayar wuta ta fito, akwai ɗigo uku na jan farce, a jere kamar duwatsun murhu.

Ta matso. Ta durƙusa.

Haka Inna take yi wa kayanta alama, don kada su ɓace a gidan biki: kwano, tukunya, har ludayi. Shekara shida da suka wuce, daren da za a kai kayan ɗakin Yaya Suwaiba Zurmi, Rashida ce ta riƙe kwalbar jan farcen, Inna na bi tana ɗigawa. Firizar ce ta ƙarshe. Saniyarta guda Inna ta sayar ta saye ta.

"Malam," ta ce wa direban, "daga wane gida ka ɗauko ta?"

"Gidan Faruku mai shagon taki." Na'Allah na naɗe igiya a gwiwar hannunsa, bai ko dube ta ba. "Allah dai shi kuɓutar da shi. Yau kwana goma sha ɗaya da mutanen daji sunka tare su a hanya. Ɗakin matar tai ba abin da ya rage, har gado an fitar."

Shekaranjiya Rashida ta yi waya da Suwaiba. Ta ce lafiya lau suke, mijinta Faruku ya yi tafiya, zafi ne kawai ya dame su.

"Ka mayar da ita," ta ce. "Zan biya kuɗin mota."

Sai yanzu ya dube ta. "Yanzu? Hajiya, an yi la'asar. Ko uwata ta kira ni ba ni hawa hanyar ga. Kuma in na kai ta su yi mi da ita? Ba ƙanƙara anka ce su kawo ba."

Ta koma bayan rumfar, inda hayaniya ta ɗan lafa, ta kira lambar yayarta. Sai a kira na uku aka ɗauka.

"Auta, ya gida? Ya jikin Inna?"

"Yaya, ina tasha. Firizarki na gabana."

Can a bayan Suwaiba yaro na kuka, wata mata na lallashinsa.

"Ke ce?" Suwaiba ta ce. "Ke ce mai ganin wata a Shinkafi?" Ta yi wata 'yar dariya wadda ta karye a tsakiya. "Ashe kina da baki haka. Ni da nake ce wa mutane ƙanwata ko tsire ba ta iya tayawa."

"Yaya, wallahi ban sani ba. Don me ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki yi mi? Ki sayar da takardar digirinki?" Ta ja numfashi. "Saurara. Kada Inna ta ji. Kin ga yadda ta faɗi bara, kin ji abin da likita ya ce. Miji ɗaya nake nema, kada ki sa in rasa uwa. Ki kankare alamar."

"Yaya..."

"Ki kankare, na ce. Firiza duk fara ce."

Ta kashe.

Rashida ta tsaya tana lissafin gidajen da za ta iya ajiye ta. Duk gidan da ta tuna, akwai matar da ke shiga wajen Inna gaisuwa. Kuma tun safe Inna ta sa an share lungun falo, an ɗora katako biyu a ƙasa, ta ce yau za ta sha ruwan sanyi a gidanta.

Ta ciro makullin ɗakinta, ta sake durƙusawa. Jan farcen ya daɗe, ya kama. Mai kura na kallonta. Da ta gama, jan ya tafi, amma ya tafi da fentin. Tabo uku na baƙin ƙarfe suka fito, a jere yadda suke.

Ta bi bayan kura a ƙasa, suka ratsa ta gefen tsohon layin dogo har gida.

Inna Balaraba na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafarta ta hagu a miƙe, wadda ba ta gama dawowa ba tun bara. Suwaiba ce 'yarta ta fari, don haka Rashida ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. Waccan ta Zurmi take cewa, ko kuma yayarku.

"To, 'yar kasuwa, an iso?" Inna ta yi murmushi. "Ku shigo da ita mu gani."

Aka ɗora ta a kan katako. Rashida ta yi sauri ta tura ta har ta manne da bango, ta sallami mai kura.

Inna ta dafa sandarta ta shigo. Ta shafa murfin, ta buɗe, ta sunkuya ta shaƙi cikin. An wanke shi tas da sabulu. Ta daɗe a haka.

"Ba a manna ta da bango," ta ce. "Injin na son iska. Jawo ta."

"Inna, gobe na..."

"Jawo ta."

Rashida ta jawo. Idon Inna ya yi rauni, ba ta ko gwada dubawa ba. Ta jingine sandar, ta dafa murfin, ta zura hannu ta baya, kai tsaye zuwa kusurwar ƙasa. Rashida na kallon kafaɗarta: ta motsa, ta sake motsawa, ta sake, sannan ta tsaya.

Inna ta miƙe a hankali. Ta dubi yatsanta, ɗan garin fenti ya manne a kai. Ta dubi makullin da har yanzu ke hannun Rashida.

"Da araha kin ce kin same ta?"

Rashida ta sunkuyar da kai.

Inna ta zauna a hannun kujera, ta gyara ƙafarta da hannu biyu. Muryarta ba ta rawa.

"Kira min Suwaiba," ta ce.