Allon da ke jikin bango

Samiratu ta sauka daga motar Yamai a Filinge, ta hau babur zuwa Maigamji, ƙauyen da take binciken memuwar ɗinta, wato kundin digirinta na masta a fannin lafiyar al'umma. Watan takwas ne, hatsi ya kai ƙugu. Ta zo ta ga ko allon tuni da ta kafa wa mata ya sa yara sun shanye maganin rigakafin masassara.

Kowane wata na damina ana ba yara maganin kwana uku. Mai rabawa ke ba da na ranar farko da hannunsa, sauran biyu a bar wa uwa, kuma nan ake mantuwa. Malamin su Samiratu a jami'a ya koya musu hanya: kada ka zo wa mutane da dabararka, zauna ka saurare su, ku ƙera abu tare, su gwada, ka gyara.

Haka ta yi da rani, lokacin da jami'a ta ware don fita bincike. Sati uku tana kan tabarma da mata. Ta tambaye su ina idonsu ke fara sauka da safe, suka ce bangon da ke bakin ƙofa. Suka yanka kwali, suka ɗinka masa aljihu biyu na ƙyalle don ƙwayoyin kwana biyun, suka zana rana a kan kowane. Na farko akuya ta cinye shi. Kubura, wata mai dariya da yawa, ta ce, "Malama, akuyarmu ta riga mu gane karatun." Sai aka koma katako, aka kafa shi da ƙusa can sama.

Yanzu garin shiru. Ƙofofi da kwaɗo, ciyawa ta rufe hanya. Wata tsohuwa da ake kira Inna Muna ce kaɗai a inuwar zaure.

"Inna, ina mutane?"

"Suna tunga, ɗiyata. Wa ka zama gari da damina? Sai irina da ƙahwa ta ƙi."

Tunga ita ce bukkokin gona, tafiyar rabin yini. Samiratu haifaffiyar Filinge ce, ta san ana haka. Cikin tambayoyinta arba'in babu wadda ta ce: bangon wane ɗaki?

Da la'asar Kubura ta shigo ɗaukar gishiri. Ta rame, bayanta babu goyo. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, Samiratu ta kasa tambayar Mamman, ɗan Kubura mai shekara biyu.

Kubura ta buɗe ɗaki. Allon na nan inda aka kafa shi. Samiratu ta sa yatsa a aljihun farko, ta taɓa ƙwaya. Na biyu ma haka.

"Na zo ranar rabo, aka ba shi na hwarko," in ji Kubura. "Sauran na sa aljihu, yadda munka yi da ke. Sai hadari ya taso, maigida ya ce mu tahi. Sai da munka kai na tuna. Na ce in an ƙare noma in dawo."

"Mamman fa?"

"Kwana goma sha biyu yau. Jiki ya yi zahi, kahin amalanke ta kai likita ya cika."

Samiratu ta zauna a ƙasa. Ba ta san ko ƙwayoyin nan biyu za su tsare shi ba, kuma babu mai iya gaya mata. A jakarta akwai babi na huɗu da ta riga ta rubuta, mai cewa mata sun karɓi allon da murna. Gaskiya ne, sun karɓa.

"Yaya Kubura, don me ba ku ce mini kuna tashi ba?"

"Ba ki tambaya ba, Malama. Mun ɗauka kin sani."

Samiratu ta miƙe, ta kama allon za ta ciro shi, ta kai wa malaminta ya gani.

"Bar shi," in ji Kubura a hankali. "Shina son ranar nan da munka zana. Kullum sai na ɗaga shi ya taɓa."

Ta saki. Ta fiddo babi na huɗu, ta juya bayan takardar.

"Gobe zan bi ki tunga, in kin yarda."

"Babu bango can, Malama. Kara ne."

Kubura ta ɗauki gishirinta, ta jira Samiratu ta fita, ta mayar da kwaɗo.