Darasin Binne Gatari

Ajinmu na koyon Turanci a saman wani shagon fenti yake, ɗaki ɗaya mai fanka guda da ke juyawa idan ta ga dama. Manya ne mu duka, kowa da abin da ya koro shi. Ni ɗinki nake yi, na gaji da masu kawo min yadi suna zuba Turanci ina gyaɗa kai, daga baya in ɗinka musu abin da ba su ce ba. Malamarmu kuwa mace ce mai kirki, amma fa akwai ta da kafiya. Dokarta biyu ce: ba a yin Hausa a aji, kuma duk wanda ke zaune kusa da kai shi ne abokin wasan kwaikwayonka na ranar, ko kana so ko ba ka so.

Akwai wa da ƙane a cikinmu, Mai Aski da Auta. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma Mai Aski a gaba yake zama ta wajen taga, Auta kuma can baya kusa da ƙofa. Ba sa gaisawa, kuma duk ajin ya san dalili, don a unguwarmu abin ya faru. Shagon aski suke da shi tare. Hannun Mai Aski ya fara rawa, yana ɓoyewa, har ranar da ya ɗan yanki wani dattijo a bayan kunne. A gaban cike da shago Auta ya ce, "Yaya, ba ni askar nan, hannunka ya daina aiki." Ba ƙarya ya yi ba, amma wurin faɗin ne bai zaɓa ba. Mai Aski ya ajiye askar, ya cire rigar aiki ya fita, bai sake taka shagon ba. Yanzu Turanci yake koyo ko zai samu aikin tsaron ƙofa a wani otal. Auta ya ce shi ma aiki ya samu a jirgin ruwa shi ya sa ya shigo ajin, amma ni na san wansa ya biyo.

Ranar da nake ba ku labari, a ƙasan matakala Auta ya tare ni.

"Anti, don Allah ki bar min kujerarki yau."

"Kusa da yayanka? Kai, Auta, kada ka ja min magana."

"Jibi zan tafi. Na je gidansa, matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofa. Na kira, bai ɗauka ba. Nan ne kaɗai ba zai iya tashi ya bar ni ba. Ba na son in hau ruwa yana fushi da ni."

Tausayinsa ya kama ni, na ba shi. Na koma baya na zauna.

Mai Aski ya shigo ya ga wanda ke kusa da kujerarsa. Ya tsaya, ya waiwayo ya yi min wani kallo da har yau ban manta ba, sannan ya zauna ya ja kujerar ta koma jikin bango.

Darasin ranar kan yadda Turawa ke kashe rigima ne. Malama ta rubuta maganganun a allo, tana fassara mana da kanta, don ita dokar ba ta hau kanta ba. Ta ce idan za su shirya sai su ce a binne gatari. Direban da ke zama a tsakiya ya kasa haƙuri, ya ce, "To da me za a faskara itace gobe?" Aka kwashe da dariya, Malama ta sa shi ya miƙe tsaye saboda ya yi Hausa. Ta ci gaba. Wai abin da ya wuce ruwa ne da ya bi ta ƙarƙashin gada. Wai mai neman sulhu reshen zaitun yake miƙawa. Muka yi ta maimaitawa a bayanta har bakinmu ya saba. Ni dai a raina na ce mutanen nan sun iya kewaye-kewaye, duk don kada a ce "yi haƙuri".

Sai aka zo wasa. Kowane biyu za su fito, su zama maƙwabta da suka yi faɗa kan ruwan wanki da ake zubarwa a ƙofar gida, sannan su shirya da maganganun da ke allo. Aka yi ta fita ana shirme. Da aka zo kan 'yan'uwan nan, dariya ta ɗauke. Malama ba 'yar unguwarmu ba ce, ba ta san komai ba, sai murmushi take tana kiran su da hannu.

Suka tsaya a gaban allo. Auta ne zai fara. Bai ambaci ruwan wanki ba sam. Da Turancinsa mai tuntuɓe ya ce ya kunyata wansa a gaban mutane, ya ce bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce tun ranar bai ji daɗin riƙe aska ba. Kalma ta ƙare masa a tsakiya, sai ya dubi allo ya ce ga reshen zaitun ya miƙo.

Malama ta ɗauka ƙirƙira ce, har tana gyaɗa kai don jin daɗi.

Mai Aski bai dubi ƙanensa ba, allon ya duba. Ya ɗauko maganganun ɗaya bayan ɗaya, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Ya ce ruwa ne ya bi ta ƙarƙashin gada. Ya ce a binne gatari. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, irin ta mai karanta lambar mota. Malama ta ce su yi musabaha, ya miƙa hannu, Auta ya kama da hannu biyu ya riƙe. Aji ya ɗauki tafi. Malama ta ce wannan ne mafi kyau a ranar, kowa ya yi koyi da Mai Aski. Na ga hawaye a idon Auta, yana dariya yana gogewa da bayan hannu. Ni ma na yi tafin, amma na ga yadda Mai Aski ya zare hannunsa ya sa a aljihu.

Da aka tashi, Mai Aski ne ya fara fita. Auta ya bi shi da sauri, ni kuma ina bayansu da jakata. A tsakiyar matakala ya cim masa.

"Yaya, na gode. Wallahi ka sauke min kaya."

"Wane kaya?"

"Abin da ka ce a ciki. Ka yafe min ke nan?"

"An ce mu karanta abin da ke allo, na karanta."

Auta ya riƙe ƙarfen matakalar. "To faɗa min yanzu. Da bakin da Inna ta koya mana. Kalma biyu ce, Yaya: na yafe. Jibi zan tafi, ban san ranar dawowa ba."

Mai Aski ya buɗe baki. Na rantse na ga maganar ta zo masa har leɓe. Sai masu fitowa daga aji suka taru a bayana, Direba yana tambayar me ya tsayar da layi. Mai Aski ya ɗaga kai ya ga idanun mutane a kansu, fuskarsa ta rufe.

"Allah ya kiyaye hanya, malam," ya ce, ya sauka.

Auta ya zauna a kan matakalar, mutane suna raɓa shi suna wucewa. Na dafa kafaɗarsa. Haushi ya cika ni, na Mai Aski da girman kansa, da namu mu da muka tsaya muna kallo.

A bakin titi na tarar da Mai Aski tsaye a gefen gwangwanayen fenti, bai tafi ba. Na yi niyyar wuce shi in tafi abina, sai ya kira ni.

"Mai ɗinki. Yaushe motar da za ta kai shi wurin jirgin za ta tashi?"

"Jibi da safe, daga babbar tasha. Ka je mana. Ko ba ka ce komai ba, ya gan ka."



"Da safe ina da aiki," ya ce.

Daga ni har shi mun san ba shi da wani aiki.