Ledar Kirim a Hannun Mama

Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da tsohuwar tela a gaban kekenta. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi. Ita da ta shekara talatin tana zura zare a allura ba tabarau, yanzu cokali ma sai ya zubar da rabi kafin ya kai baki. Likitar gashin ƙashi ta ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta yi kwana biyu ta cusa shi ƙarƙashin katifa. Da girmanta a ba ta abin wasan yara?

Ɗanta ya dawo da ita gidansa. Nan take wuni a kujerar bakin taga, hannu a cinya.

Wata Asabar da hantsi ƙamshin bota ya cika gidan. Matar ɗan nata, yarinya mai ƙarancin surutu, ta shigo da faranti cike da ƙananan kek a kofunan takarda, da kwanuka uku na kirim: ruwan hoda, rawaya da kore. Ta ɗura kirim a leda mai tsinin baki, ta matso da tebur.

"Mama, ku taimaka mini. Wuyan hannuna ke ciwo tun jiya."

Mama ta dube ta sama da ƙasa. Ɗazu-ɗazu ta hango ta tana murɗe zanin gado kamar za ta tsinka shi.

"'Yar nan, ƙarya ba ta yi miki kyau."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi, amma ba ta janye ledar ba. Mama ta karɓa don dai a rabu lafiya.

A kek na farko, kirim ya tsarto har kan zaninta. Na biyu ya kwanta gefe guda kamar hular da aka zauna a kai. Gumi ya keto mata. Ana haka ɗanta ya leƙo.

"Mama, wannan fure ne ko kaza ce ta bi ta kai?"

"Ungo naka!" ta ce, ta watsa masa yatsu. Sai da ta sauke hannun ta lura da na dama ta yi. Suka kwashe da dariya su uku, ita har da ƙwalla.

Daga nan tela ta motsa a jikinta. Ta ce wannan koren ya yi ihu da yawa, a sassauta shi da fari. Rawaya da ruwan hoda kuwa a zuba su leda ɗaya, kowanne gefensa. Da ta matsa a hankali, tana juyawa daga tsakiya zuwa baki, sai ga fure mai launi biyu, a karkace dai, amma fure.

Asabar ta gaba ita ta fara tambaya ko an sayo ƙwai. A Asabar ta shida ta ɓalle maɓallin rigarta da kanta. Maƙwabta suka sha kek har suka fara ɓuya.

Ran da suka koma asibiti ta kai wa likitar gashi guda goma sha biyu a kwali, kowanne da kalarsa. Likitar ta gwada ƙarfin yatsun, ta sake gwadawa, ta ce ko mene ne suke yi a gida kada su daina.

A mota, kan hanyar komawa, Mama ta juyo wajen matar ɗanta.

"Haihuwar ɗa na yi," ta ce, "ashe Allah ya ajiye mini 'ya a wani gidan. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Ta kamo hannun yarinyar da hannunta na dama ta matse.

"Amin, Mama. Wayyo, da zafi fa!"