Attahiru Na Uku

A kan jaki aka shigo da shi Tambuwal, mutum biyu na tallabe da shi, ƙafafunsa suna reto. Na'iya yana gyaran darnin gidansa ya hango su, tun daga nesa ya gane farin gemun maƙwabcinsa, Attahiru mai haƙar rijiya. Rijiyar da yake haƙa a Kebbe ce ta rufto masa, gaba bakwai a ƙasa.

Mata suka leƙo, suka koma. Wata tsohuwa ta ce ƙasa-ƙasa, "Na ukku ke nan."

Ba wanda ya ce mata me take nufi. Attahiru uku ne a garin, mako ɗaya aka haife su, aka raɗa musu sunan wani malami da ya yi damina a nan. Kuma kowannensu ya gawurta. Akwai maƙeri, wanda masun da ya ƙera suka tsare ganuwa shekara talatin. Akwai madugu, sau tara yana kai ayari Gwanja ya dawo da goro. Sai wannan, da daga nan har Jabo ba ƙauyen da bai sha ruwan hannunsa ba. Duwatsun murhu ake ce musu. To, da kaka maƙerin ya yanke jiki ya faɗi gaban zugazugi, bai tashi ba. Bayan wata biyu maciji ya sari madugun, mutumin da ya ƙare dazuzzuka lafiya, a bayan rumbunsa. Tun daga nan in za a ambaci sunan sai an rage murya. Maza huɗu aka haifa a unguwa, ko ɗaya ba a sa masa ba.

Ummu matar Na'iya kuwa kwananta biyar da haihuwa. Namiji ne, bayan biyu da suka koma.

Da la'asar tsohon ya aika aka kira Na'iya. Yana kwance a tabarma, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

"Na'iya, bayana ya tafi, na sani," ya ce. "Ba ni da ɗa, ba ni da jika, takwarorina sun wuce. Abu guda nika roƙo. Jibi ka ba yaron ga sunana, kar shi ƙare a kaina."

Wannan tsoho shi ya tsaya wa Na'iya a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa. Da wane baki zai ce a'a?

"Na ɗauka, Baba."

Da ya gaya wa Ummu, ba ta yi hayaniya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta ƙara rungume jaririn ta ce, "Malam, biyu na binne. Sunan ga ya ci ukku cikin shekara guda. So kaka yi ka ba shi na fuɗu?"

"Suna ba shi kisa, Ummu. Ajali ke kisa."

"Na sani," ta ce.

Ranar suna da hantsi maza suka cika ƙofar gida. Ungulu ta ji ƙanshin yanka, ta zo ta rasa wurin sauka sai kan ɗakin tsohon. Liman ya karkato da kunne. Na'iya ya buɗe baki da niyyar cika alkawari, wallahi da niyyar, sai jaririn ya tsala kuka daga cikin gida. Tsoro ya kama shi.

"Almustafa," ya raɗa.

Maroƙi ya miƙe ya kwarara sunan sau uku, har bayan ganuwa an ji. Tsakanin taron da shimfiɗar tsohon kuwa, darnin kara ne kawai.

Na'iya ya daɗe yana kewaya kafin ya ɗauki cinyar rago ya shiga, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya durƙusa, ya ajiye cinyar a gaban tsohon.

"Na jiya," in ji tsohon, idonsa na kan rufin ɗaki. "Almu. Suna mai kyau. Allah shi raya." Ya huta, numfashinsa na sarƙewa. "Ga dagina can bayan ƙofa. Tun jiya na sa anka wanke shi don takwara. Ɗauka dai. Wa gare ni da zan ba?"

Kafin azahar ya cika.

A maƙabarta ƙasar rani ta ƙi fartanya, masu haƙa suka yi ta fama. Ƙarshe sai da Na'iya ya koma gida ya ɗauko dagin, shi da kansa ya fasa ƙasar, kusa da maƙeri da madugu.

Da ya dawo ya jingine shi a bakin ɗakin Ummu, jar ƙasa na manne a bakin ƙarfen. Can ta fito za ta wankan jego. Ta tsaya ta dube shi, ta tattare zaninta, ta bi ta gefe.