Huhun Dama

"To a yanke abin da ya toshe jijiyar mana, likita," in ji mijina. "Mu ma haka muke yi wa ciyawar kachala idan ta tare ruwa."

"Malam Yunusa, ba toshewa ta yi ba. Babu ita ne. Haka aka haife ka."

Likitan ya juyo mana da fuskar kwamfutar, hoton ƙirjin da muka je har Kano aka ɗauka. Ya ce babbar jijiyar da ke kai jini huhu rabuwa biyu take yi a jikin kowa, amma ta mijina reshe ɗaya ta yi, na hagu. Huhun dama ya tsuke, zuciyar ta karkata wajensa. Ya nuna wasu zare-zare farare, ƙananan jijiyoyin da suka yi ratse don su ciyar da shi. Su ne ke fashewa, shi ne jinin da yake tofarwa, ba tarin da aka yi wata shida ana ba shi magani ba.

Shekara huɗu ina ɗora kaina a kan ƙirjin nan, ban taɓa jin akwai abin da ya rasa ba.

Na tambaya ko za a yi aiki. Ya ce hanyar da ba a halitta ba, ba a gyara ta, sai dai lallaɓawa. Ya hana shi nutso da duk aikin da ke sa haki.

Muka hau motar komawa gida Guri. Ni kuwa Asabar nake tunani, ranar gayya. Kachala ta shaƙe mashigar ruwan gonakinmu, kowane gida zai ba da namiji ɗaya ya nutsa da lauje ya yanko ta daga tushe. Gidan da bai bayar ba, shinkafarsa ce ta ƙarshe a shan ruwa. Namijin gidanmu kuwa mijina ne kaɗai.

Na ce masa zan kai hoton wurin mai unguwa. Ya yi 'yar dariya, ya ce wa zai yarda da ciwon da ba ya kwantar da mutum.

"Baban Adila, don Allah," na ce. "Shinkafa ce fa kawai."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ya malale gefen hanya, hannunsa dafe da haƙarƙarin dama.

"Ki wasa min laujen, Saude. Ranar Asabar zan shiga."